Kukar da Inna Ta Je Nema

Makon jiya ina kan hanyar Rano daga Kano, mun ɗan wuce Bunkure, sai iska ta shigo ta tagar mota da warin ƙonannen daji. Wani manomi ne ya cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a bakin gonarsa, abin da ake yi kowace shekara. Sauran fasinjoji ko ɗaga kai ba su yi ba. Ni kuwa ban taɓa shaƙar wannan wari ba face na ji tafin ƙafata yana ƙaiƙayi, kamar in ce wa direba ya tsaya in sauka. Nan take nake komawa yarinya, a tsaye bayan wata buɗaɗɗiyar mota, na damƙe gefen zanen kakata don kada ta faɗi.

Inna muke ce mata. Ita ta haifi mahaifinmu, kuma a gidanmu na Fassi take zaune, a ɗakin da ke kusa da rumbu. Tun da aka yaye ni a ɗakin nake kwana, ita kuma ba ta kirana da komai sai ƙawata. Bafulatana ce, doguwa siririya. An ce a kasuwar Kibiya kakanmu ya fara ganinta tana tallan nono, ya yi ta sayen nonon da ba ya sha har Allah ya yi aurensu. Ta daɗe cikin Hausawa har Fulatancin ya kwanta a bakinta. Sai in ta yi tuntuɓe ko ta firgita za ka ji kalma ɗaya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta mayar da ita.

Da damina Inna lafiya lau take. Ta tsinke zogale, ta kula da awaki, ta yi mana faɗa. Amma da an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, makiyaya sun fara bi ta bayan gari da shanunsu suna kiwon kara, sai ta zama wata daban. Ta share tsakar gida, ta sake share inda ta share. Ta fito da ƙoran da ba a zuba musu komai ba ta wanke. Ta ce za ta maƙwabta barka, sai a same ta a bakin gari ita kaɗai, tana kallon shanun da ba nata ba har su ɓace. Mahaifiyata takan ce, "Ciwon Inna ya tashi." Ni ma da ba na iya zama wuri guda, ko a aji ko a islamiyya, sai a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba wanda ya taɓa tambayarta me take nema. Mun ɗauka tsufa ne.

Baffana, wato autan Inna, direban bas ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano. Wata rana da la'asar ya zo gida, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, yana cin ɗanwake yana ba mahaifina labari. Wai malaman wata makarantar sakandare a Rano sun ɗauki shatar motarsa, za su je gandun namun daji da ke can gabas, bayan an fita daga ƙasar Kano. Dariya yake yi. "Mutum da iyalinsa," in ji shi, "ya bar gida ya tafi kallon biri." Cikin labarin ya ambaci sunan kogin da ya ratsa gandun.

Inna tana gefe tana tsintar wake a faifai. Hannunta ya tsaya.

"Wane kogi ka ce?"

Ya maimaita.

"Da ni za ka tafi," ta ce.

Mahaifina ya yi murmushi, ya ce, "Inna, dawa ce fa, ba gidan dangi ba. Ga gwiwarki."

"A dawar aka haife ni."

Ran nan na fara jin labarin, kuma daga yadda mahaifina ya sunkuyar da kai na gane shi ma rabinsa ya sani. Rugarsu Inna a bakin wannan kogi take. Tana ƙarama, ba ta ma isa ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwa ba, mahaifiyarta ta kwanta ciwo cikin damina, ba ta tashi ba. Aka binne ta a gindin wata kuka. Ba a daɗe ba hukuma ta aiko cewa an keɓe dajin don namun dawa, kowa ya tashi. Mahaifinta ya koro shanu yamma, suna tafe suna yada zango har ƙasar Rano, kuma babu wanda ya sake waiwayar wurin. "Ko sau ɗaya ban tsaya kusa da ita na yi mata addu'a ba," in ji Inna. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Mahaifina ya ce addu'a daga ko'ina tana isa. Ta ce ta sani. Ya ce a bari ya yi tunani. Ba ta yi masa musu ba, amma kwanakin da suka biyo baya gidan bai zauna ba. Ta wanke zannuwanta, ta daka gero ta yi fura, ta sa aka gyara mata takalmi. Tuwo kuwa sai ta taɓa ta ture. Da mahaifina ya ga ta fara ramewa, ya kira Baffa ya ce, "Hana ta ya fi tafiyar haɗari. Ka kai ta, ka dawo mini da ita." Inna ta ce ba ta tafiya sai da ƙawarta. Haka na samu kujera.

Bayan sallar asuba muka bar Fassi, muka ɗauki malaman a Rano. Sun yi mamakin ganin tsohuwa a gidan gaba. Wani mai barkwanci a cikinsu ya gaishe ta ya ce, "Iya, ke ma kallon giwa za ki?" Ta ce, "Ɗan nan, na ga giwa tun ba a haifi babanka ba." Motar ta kaure da dariya, daga nan suka saba. Wannan ya miƙo mata goro, wancan ya miƙo lemo. Ita dai idonta na kan hanya. Duk garin da muka shiga sai ta tambayi Baffa, "Mun kusa?" Ni kuma ina bayanta ina ta mutsu-mutsu, in leƙa wannan taga in leƙa waccan, har wani malami ya tambaya ko tabarmar ƙaya aka shimfiɗa mini.

Sai bayan azahar muka isa. Daga ƙofar gandun zuwa masauki ma tafiya ce, daji hagu da dama, babu gona, babu bukka, babu ko ɗan akuya. Ban taɓa ganin ƙasa mai yawa haka da ba a noma ba. A masaukin gwaggon birai ke yawo kamar su ne masu gida. Muna sauke kaya wani ƙato ya zo ya fizge ledar burodi daga hannun malamin nan mai barkwanci, ya hau kan rufi ya zauna yana ci yana kallonsa. Kowa ya yi dariya ban da Inna. Tana tsaye tana juyawa, ta dubi gabas ta dubi arewa, kamar wadda aka sauke a tashar da ba tata ba.

Da muka yi la'asar aka ce mu hau motar gandun, wata buɗaɗɗiya mai bencina a baya. Aka haɗa mu da mai gadin daji, dogon mutum mai kaki da bindiga a kafaɗa. Kafin mu tashi ya kafa mana doka: ba a ihu, ba a miƙewa tsaye, kuma ko me ya faru ba a sauka. Baffa ya dubi Inna. Inna ta dubi wani wuri.

An ƙone ciyawa a gefen hanya don masu kallo su riƙa hango nesa. Ƙasa baƙi ƙirin, toka tana tashi bayan taya, ga kuma sabon toho kore shar ya fara leƙowa ta cikinta. A kan tohon muka fara ganin barewa, sun ɗago kai suna kaɗa kunne. Can sai ga gadu da 'ya'yanta sun tsallaka hanya a guje, kowanne wutsiya a sama. Zabin daji kuwa ba a magana. Mai gadi ya nuna mana gwanki a ƙarƙashin wata ƙirya, ya tsaya ƙiƙam kamar an sassaƙa shi. Malamai suna ta raɗa, mai kyamara a cikinsu yana ta ɗauka. Ni kaina na manta da abin da ya kawo mu, ina ta zungurin Inna, "Kin gani? Kin gani?"

Ba ta gani ba. Bishiyoyi take kallo.

Ka san kuka a irin wannan daji ba ɗaya ba ce, ba goma ba. Duk wadda ta ɓullo daga nesa sai Inna ta yunƙura ta miƙe, ta dafa ƙarfen motar, ni kuma in riƙe zanenta. Mai gadi ya ce, "Iya, a zauna." Ta zauna. Mu matso kusa, ta girgiza kai. Wata ta ɓullo, ta sake miƙewa. "Iya, don Allah a zauna." Tun tana cewa ba wannan ba ce da ƙarfi, har ta koma faɗa a ciki. Hanyoyin da motar ke bi ba ta san su ba, an yanke su ne bayan tashinsu. Inda ta tuna fili ne na shanu, yanzu kurmi ne. Rana kuma tana ta yin ƙasa, direban motar gandun ya riga ya ce kafin magariba dole mu koma masauki, gobe da sassafe kuma sai gida.

"Ko ba nan ba ne?" Baffa ya tambaye ta a hankali. "Kogin da tsawo fa, Inna."

A karo na farko na ga tsoro a fuskarta, irin na wanda ya fara shakkar abin da ya riƙe a ransa tun yana yaro.

Sai hanya ta gangara zuwa mashigin kogi. Ruwan ya ja baya, ya bar yashi da 'yan kududdufai, ga wani faffaɗan dutse baƙi ya kwanta daga gaɓa har cikin ruwa. Inna ta buga jikin motar da tafin hannu.

"Tsaya! A kan dutsen nan muke wanke ƙorai."

Direba ya taka birki. Mai gadi ya ce ba za a sauka ba, nan ne mashayar giwaye, kuma lokacinsu ya yi. Ya nuna mana kashinsu a kan yashi, ɗanye. Baffa ya yi masa bayani, mai gadin ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma in wani abu ya faru shi za a tambaya. Wani malami ya ce gaskiya ne, a yi addu'ar daga cikin mota.

Inna ta ƙura wa mai gadin ido, ta dubi tsayinsa da ƙirar fuskarsa. Sai ta buɗe baki ta yi masa magana da Fulatanci. Ba kalma ɗaya ba, magana doguwa, tana fita kamar an ɓalle bakin tulu. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ta yi sama, ta yi sauri, kamar ta wata yarinya. Ban fahimci komai ba. Na dai ga mutumin ya sauke ido, ya amsa mata da harshen, a gajarce. Ya dubi kurmin da ke tsallake. Sannan ya sauke bindigarsa daga kafaɗa ya riƙe a hannu, ya ce da Hausa, "Ni ne gaba. In na ce a tsaya, a tsaya. In na ce a koma, ba tambaya."

Ya ce yarinya ta zauna a mota. Kafin ya rufe baki na dira.

Inna ce ta nuna hanya, ta bayan dutsen, muka hau gaɓa. Gwiwar da ake faɗa ban san inda ta tafi ba, sai da Baffa ya riƙa ce mata ta yi a hankali. Ciyawar nan ba a ƙone ta ba, ta kai mini kafaɗa, tana yankar hannu. Ba mu yi nisa ba muka fito wani ɗan fili.

Akwai kuka a wurin, amma a kwance. Ta faɗi da daɗewa. Cikinta ya wargaje ya zama wani tarin zare-zare fari kamar tsohuwar igiya, gara ta ci rabi. Mai gadi ya ce aikin giwaye ne, da rani sukan fasa kuka da haure su ci cikinta don ruwan da ke ciki, har ta faɗi. Ban da ita, ga wata kukar a tsaye can gaba kaɗan, ga kuma kututturen wata a hagu.

Inna ta zagaya faɗaɗɗiyar. Ta je wajen ta tsayen ta dafa ta, ta dawo. Ta dubi kogi, ta dubi rana, tana auna wani abu a ranta. Ta tura ciyawa da ƙafa tana duba ƙasa. Babu tudu, babu dutse, babu ko fasasshen kasko. Sawun dabbobi kawai, sabo a kan tsoho. Ta sake komawa, ta sake dawowa.

"Nan ne, Inna?" in ji Baffa.

Ta ce, "Ban sani ba."

Ta faɗe shi ne kamar mai ba da haƙuri. Baffa ya kau da kai.

A nan ne mai gadi ya ɗaga hannu. "Kowa ya tsaya yadda yake."

Na fara jin ƙarar reshe yana karyewa, sannan wani gurnani mai zurfi wanda a ciki na ji shi kafin kunne. Daga kurmin tsallake suka fito, ɗaya bayan ɗaya, suna gangarowa yashi. Na sha ganin giwa a littafin makaranta, amma littafi bai gaya mini cewa ba ta da ƙarar tafiya ba. Abu kamar ɗaki yana tafe, ba ka jin sawunsa. Babbar cikinsu ce a gaba, ga wani ɗan ƙarami yana bin ƙafafunta yana tuntuɓe da hancinsa. Ta tsaya a bakin ruwa. Ta ɗaga hanci sama, ta juyo da shi wajenmu, ta buɗe kunnuwa.

Duk jikina cewa yake in ruga. Ƙafata har ta ɗaga. Sai na ji hannun Inna a kan kaina, ta danna ni a hankali. Hannun nata ko motsi ba ya yi. Na saci kallonta. Tana tsaye sak, idonta a kan giwar, leɓɓanta suna motsi. Fatiha take karantawa. Ta gama ta shiga addu'a, ta ambaci sunan mahaifiyarta, sunan da ban taɓa ji ba sai ran nan. Baffa ya ɗaga tafukansa daidai ƙirji ba tare da ya motsa kafaɗa ba. Mai gadi bindiga na hannunsa, amma na ji shi yana cewa amin ƙasa-ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Giwar dai ta sauke hancinta, ta tsoma a ruwa. Sauran suka matso suka kewaye ɗan. Mai gadi ya yi mana alama, muka ja da baya kaɗan-kaɗan, ba mu juya ba sai da ciyawa ta rufe mu.

A mota muka tarar da malamai sun yi tsuru-tsuru, su ma sun ga komai daga inda suke. Mai kyamara ya manta bai ɗauki ko hoto ɗaya ba. Mai barkwancin nan ne ya sauko ya kama hannun Inna ya hau da ita, ya tambaye ta a hankali, "Iya, an samu?"

Ta ce, "Na yi sallama dai. In tana kusa ta ji."

Har muka koma masauki ba ta sake miƙewa ba. Da muka dawo Fassi washegari, mahaifina ya tare mu a ƙofar gida yana duban fuskarta. Abin da ta ce masa kawai shi ne, wurin yana da masu shi yanzu, kuma ba su bar shi ya zama kufai ba. Sannan ta ce a kawo mata tuwo.

Inna ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. A maƙabartar Fassi aka binne ta, wadda a lokacin take can bayan gari, sai an ratsa gonaki. Yanzu gidaje sun kewaye ta ta ko'ina, har da shagon cajin waya a jikin katangarta. Burtalin da shanu ke bi ta bayan gari an nome shi. Gandun dajin kuwa ban sake zuwa ba. Na sha cewa zan kai 'ya'yana, sai a ce hanya ba lafiya, ko a ce dabbobin sun ragu, sai ka yi sa'a. Su ma yaran ba su matsa ba, sun ga giwa a waya har sun gaji.

Da sallar bara babban ɗana ya bi Baffa ziyarar maƙabarta. Baffa ya tsufa, ya daɗe da ajiye tuƙi, da sanda yake tafiya. Da suka dawo na tambayi yaron ko an nuna masa kabarin Inna. Ya ce sun daɗe suna zagaye. Damina ta baje tudun, an yi sababbi a kusa, itacen da aka kafa alama kuma babu shi. Wai Baffa ya tsaya yana dube-dube, can ya nuna da sandarsa ya ce, "Tsakanin nan ne da can."

"To me kuka yi?" na ce.

Ya ce, "Cewa ya yi mu yi sallama, za ta ji."